Zuwa ga Kawu: Ƙyale Ya Yi Ɗingishi a Bayanka

Awe, Jihar Nasarawa

Kawu,

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa can ta fiye maka nan.

Na sani sarai wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Addu'a ce kaɗai ke zuwa, ita kuwa ba mu fasa ba. Sai dai akwai maganar da ta tokare mini maƙoshi tun tsakiyar damina, na rasa wanda zan zazzage wa. Duk wanda na ɗauko wa zancen sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Wai duk wannan dogon bayani a kan kare ne?" Kai kaɗai na tabbata ba za ka faɗi haka ba. Shi ya sa na rubuto maka, na kuma bar wasiƙar a buɗe, ko wani mai kare zai tsinci abin da zai amfane shi.

Gida lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Shinkafar fadama ta yi albarka, riɗi ya ɗan gaza na bara, doya kuwa sai godiya. Rani ya kama, mata sun koma bakin aikin gishiri, hayaƙinsu yana tashi tun asuba kamar yadda ka bari. Ƙyale ma yana nan da ransa. Na ajiye shi a ƙarshe ne domin tasa maganar ce doguwar, kuma a cikinta akwai laifina.

Ka tuna daren da za a wuce da kai asibiti? Ka yi wa kowa wasiyyar da za ka yi, a kan gona, a kan bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Da aka tallabo ka zuwa mota sai ka waiwaya ka ce mini, "Ga Ƙyale nan." Kalma uku. Na ce to, a zuciyata ina ganin ai wannan ita ce mafi sauƙi cikin amanonin da ka rarraba. Kare ne fa: ragowar tuwo, kaskon ruwa, shi ke nan.

Ban manta dalilin sunan ba. Lokacin da ka kawo shi yana ɗan kwikwiyo, maƙwabta suka yi ta gunaguni, wai mutumin da ba ya rasa sahun gaba ya ajiye kare a ƙofar gida. Ba ka tanka wa kowa ba, sai ka raɗa masa suna Ƙyale-su, ya zama duk sanda ka ƙwala masa kira ka ba unguwa amsa. In an matsa maka da zance kakan ce shari'a ta yarje kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Kakan kawo labarin mutumin da ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Kakan ce ko a Suratul Kahfi, da aka zo ba da labarin samarin kogo, ba a manta da karensu ba, har yanayin da ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba a bakin kogon sai da aka ambata. Birai kuwa da suka daina yi mana ɓarnar masara, masu gunagunin su suka soma aron sa.

Akwai abin da nakan ga kana yi kullum kafin magariba, ina ɗauka wasa ne na dattijon da ya rasa abin yi. Ka zauna a kan kututturen ɗorawar nan na ƙofar gida, ka kira shi, ya miƙo maka dagi ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe tsakanin yatsu, ka shafa tafin, ka matsa farce, ka leƙa kunne, sannan ka sallame shi. Wata rana da muna dawowa daga gona ka tsayar da ni a kan yashi ka nuna mini sawun wani kare, ka ce, "Uku sun nutse, ɗaya ta shafi ƙasa kawai. Mai karen nan bai san karensa yana ciwo ba." Na yi dariya a lokacin. Ashe ni kake karanta wa sawuna tun ban taka ba.

Abin ya soma ne lokacin noma na biyu. Wata safiya na ga yana ɗingisa ƙafar gaba ta dama. Daga inda nake tsaye na yanke hukunci: ƙaya ce, zai cire ta da haƙori. Ban sunkuya ba. Bayan kwana uku ɗingishin ya ɓace, na ce ai ka gani. Mako bai cika ba ya dawo, amma wannan karon a ƙafar baya ta hagu. Ya rage ci, ya riƙa kwanciya a gindin rumbu, in zai tashi sai ya yi kamar tsohon da ya daɗe a zaune.

Na kai zancen majalisa, kowa ya kawo tasa. Wani ya ce makirci ne, kare yana ɗingishin ƙarya in yana son a tausaya masa, shaidarsa kuwa ita ce ciwon gaskiya ba ya ƙaura daga ƙafa zuwa ƙafa. Wani ya yi ƙasa da murya ya ce abu aka binne wa mutanen gida, karen ya taka, mu gode wa Allah da ya tare mana. Wani ya ce a kai shi wurin maɗori. Wani kuma ya ce tsufa ne, in nemi kwikwiyo, ai karen bana shi ke maganin zomon bana. A cikinmu duka, Kawu, har da ni, babu wanda ya ce a ɗaga ƙafar a duba.

Ga laifin da na ce maka. Na shiga wani kemis na sayi ƙwayar ciwon jiki irin wadda 'yan ƙwadago ke sha bayan sun wuni suna huɗar doya. Na cusa ta cikin lomar tuwo na ba shi, safe da yamma. Washegari ya miƙe garau har ya kori awaki, na riƙa yaba wa kaina. A kwana na huɗu ya soma amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ruwa ya ƙi kalla. Da dare na ji nishinsa daga ɗaki. A nan ne kalmominka uku suka dawo mini, suka hana ni barci.

Da gari ya waye na ɗaura masa takunkumi da tsumma, na naɗe shi a buhu na nufi tasha. Direba uku suka ƙi ɗaukar mu, ban kuma ga laifinsu ba. A ƙarshe wani mai a-kori-kura da ya yi lodin doya ya ce in hau baya. Haka muka bi ta Obi har Lafia, kan Ƙyale a cinyata, ina jin zafin jikinsa ta cikin buhu.

Likitar dabbobin da muka samu yarinya ce, ba za ta girmi autarmu ba. Na zaci allura za ta fara zarowa. Sai ta fara da tambaya: shekararsa nawa, farat ɗaya abin ya zo ko a hankali, ƙafa ɗaya ce ko yana sauyawa, yana cin abinci, wani kare ya cije shi kwanan nan, yaushe rabon sa da rigakafin hauka, me na ba shi. Da na faɗi ƙwayar, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta rubuta. Sannan ta ce in ja shi mu taka zuwa bakin ƙofa mu dawo. Ta tsuguna tana kallon sa, kallon nan naka na kan yashi.

Ita ta fassara mini abin da idonka ya sani. Ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a kan ƙafafun gaba yake. In ta gaba ce ke ciwo, za ka ga yana ɗaga kai sama daidai lokacin da ta taɓa ƙasa, ya sauke kan idan lafiyayyar ta taka. In ta baya ce, ƙugu ne ke tona asiri: gefe ɗaya yana hawa da sauka fiye da ɗayan, takun kuma ya gajarta. Wanda ya rataye ƙafa sam ba ya taka ta, lamarinsa daban da wanda ke takawa yana cijewa. Wanda kuma ke jan ƙafa har saman farcensa ya goge, sau da yawa ba ƙafar ce ke da laifi ba, saƙo ne ba ya isowa daga baya ko daga jijiya.

Daga nan ta kama dagi. Wallahi, Kawu, sai da idona ya ciko, domin tiryan-tiryan yadda kake yi ta yi: farce, tsakanin yatsu, tafi, sannan ta haura gaɓa bayan gaɓa, tana lanƙwasawa tana miƙewa, tana gwada ta dama da ta hagu, tana kallon fuskarsa ta ga inda zai zabura. Ta ce kullum daga ƙasa ake farawa, domin abin da ya fi yawa a ƙasa yake. Na tuna gonakinmu. Tsinin tofa da ke huda har takalmin roba. Kashin yawo da ke maƙalewa a gashin tsakanin yatsu. Kututturen dawa da aka sare a karkace. Tsinken ciyawar da ya rage bayan an ƙona daji, da tokar da samanta ya huce ƙasanta na ci, inda mafarauta ke sakin karnuka su bi gafiya. Fasasshiyar kwalba a bola. Har ƙasar gishirinmu, wadda in ta samu tsagar tafin ƙafa sai ta shiga ta yi ta zugi. Ƙaramin tsinke kan karye a ciki, fata ta rufe a kansa, sai bayan kwanaki wurin ya kumbura ya tara mugunya, kare ya yi ta lasa.

Ta nuna mini hoton wani ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Ta ce akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasa mai yashi inda fitsari ya jiƙa, ko a tsumma mai damshi. Tsutsar ta huda fatar wanda ya kwanta a wurin, ta zauna ciki tana girma har kwana goma ko fiye, kuma 'yan kwikwiyo ta fi kamawa, a dagi da ciki. In aka toshe ramin da basilin numfashi yakan gagare ta, ta leƙo, a matse ta ta fito ɗungurungum. Sai tarkon waya, irin wanda yara ke haɗawa da wayar birki don zomo. Kare ya fizge ya tsinke ta, zoben ya rage a ƙafa, gashi ya rufe shi, yana ci yana shiga nama, mai kare yana can yana zargin maƙiya.

Na ce to in farat ɗaya ne fa, kare ya fita lafiya ya dawo da ƙafa uku? Ta ce a ƙasar nan tamu ta kwarin Binuwai, bayan babur da jifa da cizon ɗan'uwansa kare, kada a manta da maciji. Kububuwa da kasa suna nan, lokacin shuka da na girbi kuma aka fi gamuwa da su. Kare da hanci da ƙafar gaba yake bincike, nan ne kuwa sara ya fi samun sa. Kumburi ya hau cikin sa'o'i, ramin haƙori ya riƙa tsattsafar jinin da ba ya daskarewa. Wannan ba a tsaga shi da reza, ba a ɗaure shi tamau, ba a kwana da shi a gida. Harbin kunama yakan sa ihu da rataye ƙafa, amma galibi ya sassauta kafin kwana ɗaya. Karaya kuwa, ta ce ba ta raina aikin maɗora ba, sai dai mutum in an ɗora shi ana ce masa ya kwanta ya kwanta, ya kuma faɗa in ɗaurin ya yi tsanani. Kare ba ya faɗa. Ɗauri ya matse, jini ya yanke, a kwance bayan mako a tarar ƙafar ta ruɓe.

Akwai kuma ɗingishin da ke cikin gaɓa, wanda ido ba ya gani daga waje. A cikin gwiwar baya akwai wasu jijiyoyi biyu da suka gitta juna suna riƙe da ƙashin cinya da na ƙwauri. In ta gaban ta tsinke, gwiwa ta riƙa zamewa, kare ya riƙa taka ƙasa da kan yatsu, in ya zauna ya jefar da ƙafar gefe. Ta ce manyan karnukan waje da masu hali ke saye a Lafia da Abuja don gadi, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke riƙewa, da yawansu da gadon lalurar ƙugu ake haifar su: kan ƙashin cinya bai zauna daram a gurbinsa ba, in suna gudu sai su haɗa ƙafafun baya suna tsalle kamar zomo. 'Yan ƙananan na cikin ɗaki kuma ƙoƙon gwiwarsu ne ke gocewa, su rataye ƙafa taku biyu uku, ya koma, su ci gaba kamar ba a yi ba. Kwikwiyon da aka raina da tuwo zalla ko tsoka zalla ƙashinsa yakan yi laushi, ƙafafu su gwame, ya karye a kan ɗan tsallen da bai kai ya kawo ba. Tsoho kuma sanyin gaɓoɓi: ya tashi da ƙyar da safe, in jiki ya yi ɗumi ya warware. Wanda ta fi tsoro shi ne kumburi mai tauri a jikin ƙashi kusa da gaɓa, a babban kare mai shekaru, ciwo yana ƙaruwa ba ya jin magani. Wannan yakan zama ciwon daji na ƙashi, sai hoto ke tabbatarwa.

Duk wannan tana faɗa hannunta bai bar jikinsa ba. Ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashi: fari fat, maimakon ja-ja. Ta taɓa kaluluwa a bayan gwiwa da gaban kafaɗa, duk sun tasa. Ta auna zafin jiki. Ta ce na lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39 da 'yan kai, nasa ya haura 40. Sannan ta buɗe kunnensa ta ce in leƙa. Kaska ce, Kawu, jere kamar an shuka riɗi, wasu sun sha jini sun yi bul-bul. Tsakanin yatsu ma haka. Wuraren da kake dubawa kullum, wuraren da ni ban taɓa dubawa ba tun ranar da aka kai ka.

Ta ɗebi jini aka duba. Ciwon kaska ne. Ta ce kaska ba shan jini kaɗai take yi ba, tana zuba ƙwayoyin cuta. Wata cutar tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini har fitsari ya yi duhu. Wata kuma, irin wadda ta kama shi, tana shiga fararen ƙwayoyin jini, ta kawo zazzaɓi da kasala da rama, wani lokaci haɓo, wani lokaci ciwon gaɓoɓi mai yawo, yau nan gobe can. Wato abin da majalisa ta kafa hujja da shi cewa ƙarya yake yi, shi ne babbar shaidar cewa ciwon a jini yake. Daga baya na karanta cewa a Aljeriya aka fara gano cutar a 1935, kuma ta hallaka karnukan sojojin Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. Cutar da ta kayar da karnukan soja, ita na tunkara da ƙwayar kemis. Likitar ta ƙara da cewa karnukan da ke bin kurmin bakin rafi suna gamuwa da tsando, su kamu da sammore irin na shanu, ido ya yi fari kamar an shafa toka, jiki ya kumbura, tafiya ta gagara. Shi ya sa ba a yin allura da ka, sai an ga jini.

Baƙin kashin kuwa aikina ne. Ta ce ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen da dikulofenak, suna gwaguye cikin kare har ya yi gyambo yana zubar jini, suna kuma lalata ƙoda. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake taɓawa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ta ce a Indiya dikulofenak da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulaye, domin suna cin mushen ƙodarsu ta mutu, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ungulu fa, wadda cikinta ke narkar da mushen da ya kwana uku a rana. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce, "Malam, ciwon da yake ji shi ke hana shi taka ƙafar da bai kamata ya taka ba. Kai ba ciwon ka kashe ba, bakinsa ka toshe." Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya haɗa da ƙin tambaya.

Akwai tambayarta ɗaya da na amsa da sunkuyar da kai, ta rigakafin hauka. Tun wanda ka yi masa na ƙarshe ba a sake ba. Ta ce mutane sun ɗauka mahaukacin kare sai wanda ke bin jama'a da cizo. Akwai na shiru: ƙafafun baya su soma rauni kamar ɗingishi, ya riƙa tangaɗi, muƙamuƙi ya saki, yawu ya riƙa dalala. Mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a baki, ya ɗauko ajalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu kuma ta hanyar kare. In alamunta suka bayyana babu magani. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Rigakafin karnuka kuwa ba daga wata uwa duniya yake ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, nan Filato da aka ɓalle jiharmu daga cikinta a 1996, tana nan tun 1924, kuma tana cikin masu yin sa. Kowace 28 ga Satumba ranar tunatar da duniya wannan cuta ce. Na ji kunya da na tuna yaran gida nawa ke wasa da shi.

Da ta ji cewa daga Awe muke, kusa da masuntan Tunga, sai ta ƙara mini da ɗaya. Nijeriya ta samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, amma a Cadi tun 2012 ake ganin sa yana fitowa daga ƙafafun karnuka a garuruwan bakin kogin Shari, ana kuma danganta hakan da cin ɗanyen kayan cikin kifi. Ta ce ba shi take zargi ba, amma a riƙa binne kayan cikin kifi, kuma duk wanda ya ga farar tsutsa kamar zare tana fita daga ƙafar kare ya sanar da ma'aikatan lafiya. Ƙafar kare, in ji ta, wani lokaci labarin gari take bayarwa.

Ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Muka dawo da maganin mako huɗu cur, da na gyambon ciki, da na kashe kaska a jikinsa da makwancinsa. Ta ja mini kunne kada in tsaya don na ga ya warware, kada kuma in yi masa wanka da maganin feshin gona ko baƙin mai kamar yadda wasu ke yi. Ta ce ko allura ce kada in bari wanda bai iya ba ya soka masa a cinya, domin akwai babbar jijiya a wurin, in aka taɓa ta kare yakan ja ƙafa har ya mutu. Na cika kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, ina yi wa bangon zaure zane da gawayi.

Zazzaɓi ya tafi, dasashi ya yi ja, ya koma cin abinci har yana ture kasko. Ƙafafu uku sun warke sarai. Amma ta baya ta hagu ba ta koma daidai ba, kuma a nan ne nake da tambayar da kai kaɗai ke da amsarta. Likitar ta ce gwiwar ta yi kauri ta ciki, alamar tsohon rauni ne, mai yiwuwa jijiyar nan ce ta taɓu shekarun baya, ciwon kaska ya zo ya tayar da shi. Yaushe ne, Kawu? Ranar da kuka dawo daga farauta ka saɓo shi a kafaɗa ka ce gajiya ce? Ko shekarar da ka ɗaure shi wata guda a zaure ka hana kowa kwance shi, muna cewa ka cika tsanani? Ina jin ka sani, ka kuma yi jinyarsa a hanyarka, ka daina kai shi farauta mai nisa ba ka gaya wa kowa dalili ba. Tabbatarwa sai an ɗauki hoton ƙashi a babban asibitin dabbobi irin na jami'ar Makurɗi ko na Zariya, aikin gyaran kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Abin da zan iya shi nake yi: ba na barin sa ya yi ƙiba, na ɗaga masa makwanci daga damshi na shimfiɗa buhu, na hana yara tsokanar sa ya yi tsalle, gona kuma sai ta kusa.

Na koma majalisa na ba su labari. Mai maganar sammu ya ce ai likitoci ba su san komai ba. Mai maganar kwikwiyo ya lissafa kuɗin motar da na kashe ya girgiza kai. Amma bayan kwana biyu, wanda ya ce makirci ne ya aiko ɗansa da magariba, wai in zo in duba masa karyarsa, tana ɗingishi. Na je na ɗaga ƙafar. Zoben waya ne, ya nutse har ya soma wari. Ni da ban san komai ba wata uku da suka wuce, yau ni ake kira. Abin da na fi su da shi bai wuce na yarda in sunkuya ba. Abin da ya wuce sunkuyawa kuwa na san ba nawa ba ne: ƙafar da aka rataye sam, kumburi mai hawa, zazzaɓi da ƙin abinci, jan ƙafa, ko ɗingishin da ya wuce kwana biyu bai sassauta ba, nakan ce su nemi mota. Ina dai fatan wata rana mai kare a Awe ko Azara ko Tunga zai samu wanda zai duba masa jini ba sai ya hau bayan lodin doya ba.

Yanzu kullum kafin magariba ina zama a kan kututturen nan naka. Da farko ya ƙi miƙo mini dagi, sai ya tsaya yana kallon ƙofar zaure kamar mai jiran wani. Yanzu yana miƙowa, ta hagun baya ce kawai sai na lallashe shi. Jiya na zare masa tsinin tofa daga tsakanin yatsu, na cire kaska biyu a kunne. Ƙaramin ɗana yana tsaye yana dariya, ya ruga ya gaya wa uwarsa wai Baba yana gaisawa da kare. Ban yi masa bayani ba. Da safe dai na kai shi bakin yashi na nuna masa sawu, uku sun nutse, ɗaya ta ɗan shafa, na ce ya faɗa mini wace ƙafa ce. Ya yi kuskure. Gobe ma za mu koma.

Ka yafe mini watannin da na yi ina kiran sunansa ina aikata ma'anarsa a kansa. Mutane ka ce a ƙyale, ba shi ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa ruwan da ka shayar da shi da ƙayar da ka cire masa suna cikin mizaninka. Inna tana yi maka addu'a kowace asuba.

Naka,
ɗan ƙanwarka da ka bar wa amana.